Rasuwar Bebiya a Hanyar Wadin Aljanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kuma ba da yardar kawunsa ba, Musaddiq Abdulsalam na unguwar Aziziyya a Madina yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, Bebiya. Ta rasu ranar Litinin, tsakanin la'asar da magariba, a kan hanyar dawowa daga Wadin Aljanu, da fasinja uku a cikinta. Shekarunta shida a duniya. Biyu ta yi a hannunsa.

An ce ba da yardar kawunsa ba, domin Kawu Maiturare yana tsaye a kansa lokacin da ya rubuta layin farko.

"Goge 'rasuwa'," in ji Kawu. "Mutum ne ke rasuwa. Wannan ƙarfe ne, ka ce ta lalace."

"Ta rasu, Kawu."

"To rubuta gaskiya. Ka ce kashe ta aka yi, ka sa sunan wanda ya kashe ta."

"Zan sa."

"Ka kuma rubuta cewa ni na faɗa tun ranar farko. Motar da aka saya da gumin masu shara ba za ta yi albarka ba."

"Halas, shi ke nan, ya Kawu. Zan sa."

"Ka ƙara da cewa shago yana nan, ƙofarsa a buɗe. Asabar, bayan asuba."

Musaddiq ya sunkuya ya ci gaba da rubutunsa.

Ga wanda bai san zancen ba: Kawu Maiturare ƙanin mahaifiyar Musaddiq ne, yana da shagon turare a Anbariyya. Da Musaddiq ya gama sakandare, jami'a ba ta samu ba, sai aka kai shi can. Shekara biyar yana ɗura miski a ƙananan kwalabe, yana shafa wa alhazai a bayan hannu, yana cewa "sansana, Alhaji" sau ɗari a wuni. Kawu ba mugu ba ne. Yana dai da al'adar gyara mutum a gaban baƙi. Ranar da Musaddiq ya bar shagon, ya rantse a gaban masu ciniki huɗu cewa ƙafarsa ba za ta ƙara taka bayan kantar nan ba. Daga ranar ya koma kai alhazai ziyara: Ƙuba, Uhudu, Ƙiblataini, kasuwar dabino. Bebiya ce ta tsaya tsakaninsa da wannan kanta. Yanzu ba ta nan.

Asalin marigayiya. An haife ta a wata ƙasar Turai mai sanyi, da zuciya biyu: injin mai a gaba, batir a ƙarƙashin kujerar baya. Ana zuba mata mai kamar kowace mota, ana kuma jona ta a soket kamar waya. A ƙasar, a wancan lokaci, duk wanda ya sayi irinta gwamnati kan cire masa wani kaso daga kuɗin haraji, wai don iska ta yi tsabta. Wani kamfani ne ya fara sayenta, ya ba wa ma'aikacinsa, ya haɗa masa da katin shan mai kyauta. Jamaluddeen, mijin yayar Musaddiq, ɗalibin fiƙihu daga Zariya, shi ya karanto wannan da wayarsa daga takardun da aka tarar a aljihun motar.

Abin da takardu ba su faɗa ba, but ɗin baya ya faɗa. Ranar da Musaddiq ya ɗauko ta daga kasuwar gwanjon motoci, inda ta yi wata uku ba mai tayawa saboda makanikai na tsoronta, ya tarar da wayar cajinta a naɗe cikin leda, ba a ko yage bakin ledar ba. Shekara huɗu. Mutumin bai taɓa jona ta ba, ko sau ɗaya. Mai kyauta yake sha, yana yawo da batir a ƙarƙashinsa kamar buhunan siminti.

Wannan leda ce ta haifi gardamar da ta girmi ciwon ajalin marigayiya. Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, ana shan shayi a ƙofar shago. Musaddiq yana tsaye daga waje, saboda rantsuwarsa. Kawu ya ɗaga ledar sama don kowa ya gani.

"Wa ya biya kuɗin nan? Mai shara. Matar da ke goge bene. Direban bas. An yanka daga albashinsu an miƙa wa mai kwat ya hau sabuwar mota. Shi kuma ko ledar bai iya kwancewa ba. Wannan shi ne tallafin?"

"Man da kake zuba wa a-kori-kurarka fa?" in ji Musaddiq. "Da araha kake sha. Wa ya biya maka?"

"Wannan daga ƙasa yake fitowa, Allah ne Ya ajiye shi. Ba a shiga aljihun kowa ba."

"Aljihun jikokinka aka shiga."

"Jikokina? Iƙama gare su, takardar zaman baƙo, ba rijiyar mai ba. Ka taɓa ganin an ba ka kaso?"

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Sai Kawu ya juya ga Jamaluddeen.

"Malam, kai ne mai karatu. Halal ne a ƙwace na talaka a ba mai hali?"

Jamaluddeen ya daɗe yana juya kofinsa. Ya ce shi abin da ya gani da idonsa zai faɗa. A gida an yi shekaru ana cewa tallafin mai masu kuɗi ne ke cinye shi, kuma ya yarda akwai gaskiya a ciki. Da aka cire shi, washegari mahaifinsa ya jingine babur ya tafi gona a ƙasa, masu kuɗin kuma suna cikin motocinsu. Ya ce har yau bai san me zai kira wannan ba.

"Ka ji ko?" in ji Kawu.

"Ka ji ko?" in ji Musaddiq.

Kowa ya tashi da nasa. An sake wannan gardama kusan kowace Juma'a har shekara biyu, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya.

A nan ya kamata a rubuta abin da Musaddiq bai iya faɗa a bakin shago ba, domin shi ba mai yawan magana ba ne. Ya yarda an zalunci masu sharar. Amma a ganinsa kuɗinsu bai riga ya mutu ba. Sun biya ne don wani ya jona motar nan. Mai kwat ya ƙi. To shi zai jona. Ya ɗauki abin amana, daga mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda in ya je ƙasarsu ma ba lallai a bar shi ya wuce filin jirgi ba.

Shi ya yage ledar da haƙoransa.

Gidansu a hawa na uku yake, ba gareji, ba inuwa. Sai ya sayo doguwar waya ya haɗa da tata, yana zuro ta daga tagar kicin kamar mai zura guga. Haris, wato mai gadin benen, ya hana a bar waya ta kwana a waje, saboda haka sai tsakar rana, daga azahar zuwa la'asar, lokacin da alhazai ke barci a otal. Tagar ba ta rufuwa in wayar na ciki. Mahaifiyarsa, Hajiya Fatna, ta yi shekara biyu tana girki a buɗaɗɗen kicin, sanyin na'ura na fita, zafin Madina na shigowa. Ba ta taɓa cewa uffan ba, sai dai wani lokaci ta leƙo ta ce, "'Yar taka ta ƙoshi, ko in ci gaba da dahuwa?" Ita kuwa Bebiya tana ƙasa, rana na dukanta, ƙaramar fitilarta kore tana kiftawa. Wannan ne burin masu biyan harajin wata ƙasa, ya cika a bakin wani layi a Aziziyya, kusa da shagon gyaran fanka. Ba wanda ya zo ya ɗauki hoto.

Halayen marigayiya. Ba ta da surutu, shi ya sa aka kira ta Bebiya. In an tashe ta ba ta tari, ba ta karkarwa, sai dai "tin" guda ɗaya, kamar mai cewa na ji. In tana ja da baya takan yi wani siririn "uuuuu", kamar mai karatu a ɗaki na uku. Takan wuce ta gaban Ƙuba masu alwala ba su ɗago kai ba. Kyanwar layinsu ta sha yin barci a ƙarƙashinta tana kunne, sai Musaddiq ya sauko ya roƙe ta ta tashi. Tsofaffi na son ta, domin suna iya jin zikirinsu a ciki. Wata Hajiya ta taɓa yin barci daga Uhudu har ƙofar otal, da ta farka ta tambaya yaushe za a tashi.

Ba za a ɓoye aibinta ba, tunda Kawu zai karanta. But ɗinta ƙarami ne, batir ya cinye rabi, katan biyu na dabino sun cika shi. Da farko batirin na kai ta kilomita arba'in, zafi ya ci shi har ya koma ashirin da ɗan abu. Hanyar Khaibar kuwa da mai take zuwa da mai take dawowa, kamar kowa, har ma ta fi wasu sha saboda nauyin da take ɗauke da shi. Musaddiq ya san wannan. Bai taɓa faɗa ranar Juma'a ba.

Ciwon ajali. Duk mai kai ziyara a garin nan ya san inda abincin yake. Ƙuba da Uhudu kowa na zuwa da bas. Amma Wadin Aljanu, can arewa da gari, sai da ƙaramar mota. Akwai wata hanya a wurin da ido ke gani kamar hawa ce, amma in ka sa mota a firi sai ta kama tafiya da kanta, tana ƙara gudu, ta nufo Madina. Jamaluddeen ya ce gangara ce, duwatsun wurin ne ke ruɗar ido, babu aljani ko ɗaya. Musaddiq bai musa ba. Amma ba wanda ya taɓa biyan kuɗin mota don ya je ya ga gangara.

Direbobinmu suna da yadda suke yi. In an isa, sai direba ya kashe inji, kowa ya ji ƙarar ta mutu, ya zare makulli ya miƙa wa babban alhajin da ke gaba ya riƙe. Sai motar ta motsa. Sai kabbara ta tashi, wayoyi su fito. Makullin da ke hannun alhaji shi ne shaida. Shi ake nunawa a bidiyo, shi ake ba da labari a gida.

Bebiya ba ta da makullin zarewa. Maɓalli gare ta, da wani ɗan baƙin abu da ake sawa a aljihu. Kuma ba ta da ƙarar da za ta mutu.

Wanda ya fara gano wannan shi ne Alhaji Ɗanmusa, wani ɗan kasuwa daga Katsina da ke zuwa Umara duk shekara, ya kuma san Wadin kamar gonarsa.

"Kashe ta, yaro."

"A firi take, Alhaji."

"Na ce ka kashe ta. Ba ni makulli."

Musaddiq ya miƙa masa ɗan baƙin abun. Alhaji ya jujjuya shi, ya dubi allon gaba da ke ci da fitilu, ya dubi abokan tafiyarsa.

"Wannan ai tun daga otal haka take tafiya, ba ƙara. To yanzu ina bambancin? Kai, aljanunka na batir ne. Juya mu koma."

Kafin sati ya zagayo, maganar ta shiga duk otal ɗin da Bahaushe ke sauka. Yaron nan mai motar lantarki, aljanunsa na batir ne. Masu zuwa Wadi suka daina kiransa. Kawu ya ji labari, ya aiko masa da kwalbar turare kyauta, da saƙon cewa sabon kaya ya iso kuma hannu bai isa ba.

Sai Musaddiq ya zauna da wayarsa yana bincike, har ya samo wata dabara ta danne-danne da ke barin motar a firi alhali an kashe komai. An yi dabarar ne don a tura ta taku goma a wurin wanki. Shi bai tsaya jin wannan ɓangaren ba. Ya gwada a Wadi. Allon gaba ya yi baƙi ƙirin, na'urar sanyi ta ɗauke, motar ta motsa. Alhazai suna gumi suna kabbara. Wannan ya fi makulli, domin duhun allon kowa na ganinsa a bidiyo. Aiki ya dawo, har ya fi da.

Duk lokacin da ya sake kunna ta bayan haka, takan yi "ƙit-ƙit-ƙit", wata fitila ruwan ɗorawa ta kama, da rubutu a harshen da ba ya ji. Wata biyu tana faɗa masa. Ya samo takardar manne ta wani kamfanin dabino ya liƙe a kan fitilar. Kukan kuma ya koyi yin tari a daidai lokacinsa.

Ranar Litinin Alhaji Ɗanmusa ya dawo wata Umarar, da abokai biyu. Ya ji an ce yaron ya gyara halinsa, ya zo ya gani. Musaddiq ya saba yin kilomita biyu ko uku ya kunna ta. Alhaji ya ce shi ba ya son rabin aiki.

"Kada ka taɓa komai sai na ce. In ka taɓa, na san akwai munafunci."

Musaddiq ya ɗora hannu a sitiyari. Allo baƙi. Suka gangara. Kilomita uku, biyar, bakwai. Iska mai zafi na shigowa ta taga, na baya suna ta salati, Alhaji yana riƙe da waya yana gaya wa mutanen Katsina su dubi ikon Allah. Birki ya taurare kamar dutse, sai da Musaddiq ya miƙe a kansa kafin ta ɗan saurara. A nan ne Bebiya ta ɗaga murya, karo na farko a rayuwarta. Daga ƙarƙashinsu wani "wiiiiii" ya taso, siriri, yana hawa yana hawa, har ya shiga haƙora.

"Ka ji su ko?" in ji Alhaji. "Ka ji su!"

Musaddiq ya ji. Ya san ba su ba ne. Yatsansa na kan maɓallin. Ya tuna da otal-otal, ya tuna da kwalbar turaren da aka aiko. Bai danna ba.

Sai "ƙas". Sai wari. Ta ci gaba da gangarawa shiru, kamar yadda ta saba, har ya samu ya sauke ta gefen hanya. Ya danna maɓallin. Babu "tin". Ya sake dannawa. Ya danna har sau bakwai.

Alhaji Ɗanmusa ya fito ya zagaya ta, ya girgiza kai. "Yanzu na yarda," in ji shi. "Wallahi akwai aljanu a wurin nan." Ya biya, ya ƙara da na goro, ya dafa kafaɗar Musaddiq ya ce ya riƙa addu'a kafin ya shigo. Suka tare wata tsohuwar mota mai hayaƙi suka tafi don kada jam'in magariba ya wuce su.

Da janwe ya sauke ta a ƙofar gida, Kawu na cikin waɗanda suka fito. Ya matso kusa da ita. Ya sunkuya, ya ja numfashi ta hanci kamar yadda yake yi wa sabon kaya. "Tagulla ce ta ƙone," in ji shi, "da roba. Wannan ba ta tashi." Hancin Kawu bai taɓa ƙarya ba, shi ne abin haushin.

Bakri, Bahaushen Sudan mai tashlih a bayan gari, wato inda ake farke matattun motoci, shi ya duba gawar washegari. Ya yi bayani da hannunsa baƙi da mai. Ya ce ƙafafun irin wannan mota a ɗaure suke da injin lantarkinta. In suna juyawa, wuta yake haifarwa, ko an so ko ba a so ba. In motar na kunne, wutar na da wurin zuwa, akwai kuma abin da ke sanyaya ta. In an kashe komai, sai ta tsaya a ciki ta ci gidanta.

"Ya zol, ko janta da igiya ba a yi. Kai kuma ka sake ta daga kan dutse? Sau nawa?"

Musaddiq ya faɗa masa. Bakri ya cire hularsa ya mayar.

Daga baya Jamaluddeen ya haska wayarsa a littafin motar. Gargaɗin na nan, cikin jan akwati, da hoton mota an ja mata giciye. Yana aljihunta tun ranar farko, a ƙarƙashin takardun tallafin da aka yi shekara biyu ana gardama a kansu. Waɗancan kowa ya haddace su. Wannan ba wanda ya buɗe.

An yi wa Kawu alkawarin suna, ga shi. Musaddiq Abdulsalam ne ya kashe ta. Ba aljani ba, ba Alhaji ba.

Kawu yana nan a kan cewa haƙƙin masu shara ne ya biyo ta har nan. Musaddiq bai yarda ba. Abin da ya yarda da shi ya fi wannan ɗaci. Waɗanda suka zauna suka tsara tallafin sun yi lissafin mai gareji, mai inuwa, mai makanike a ƙarshen layi. Sun ba mutumin da ba ya buƙata, bai yi amfani da shi ba, ya gaji ya sayar. Ba wanda ya tambayi inda za ta ƙare, a hannun wa, a wace rana, ko wa zai karanta littafinta. Sun biya kuɗin suna, ba su tanadi likkafani ba. Shi kuwa da ya riƙe amanar, yana biyan harajin kaya a kan kowane burodi, yana sabunta iƙama a garin da aka yanke masa cibiya, kuma ba a taɓa rage masa ko kuɗin doguwar wayar ba.

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu, biyu daga ciki sababbi. Ta bar wayar caji ɗaya, wadda ta yi aiki shekara biyu cikin shida. Ta bar ɗan baƙin makulli da ba ya buɗe komai, har yanzu yana aljihun mai shi. Ta bar kyanwa da ke zagaya tabon da ta bari a ƙasa. Ta bar Hajiya Fatna, wadda ta rufe tagar kicinta ranar Talata, sannan ta sake buɗewa, ta ce ta saba. Ta bar miliyoyin masu biyan haraji a wata ƙasa, waɗanda ba su san an yi musu rasuwa ba, kuma ba a san adireshin da za a aika musu ba. Ta bar batir ɗaya, mai nauyin ƙarti uku, wanda ya kumbura.

A kan wannan batir maganar jana'iza ta tsaya.

Za a kai ta makwancinta ranar Alhamis bayan azahar, a tashlih ɗin Bakri. Ba za a yi mata salla ba, Jamaluddeen ya riga ya yi gargaɗi, kuma ya ce duk mai son yin addu'a ya ce Allah Ya mayar da alheri, ya tsaya a nan. Bakri ya yi karamci. Ya ce zai karɓi gangar jikin, ya ba Musaddiq wata tsohuwar farar mota mai shan mai, ƙofarta ɗaya shuɗiya, tana da hayaƙi, tana da ƙara, tana da makullin da ake zarewa. Da ita mutum zai iya ci gaba da ziyara. Sharaɗinsa ɗaya ne: batirin ba zai kwana a filinsa ba. Ya taɓa ganin irinsa ya kama da wuta, ruwa bai kashe ta ba. Zai cire shi ranar Alhamis, kafin magariba a ɗauke. In ba a ɗauke ba, ciniki ya warware, a zo a kwashi gawa da batirinta a mayar ƙofar gida, inda haris ya riga ya ba da kwana uku.

Wurin da aka ce suna karɓar irinsa yana Jidda. Masu janwe huɗu aka kira. Da sun ji kalmar "kumbura" sai su tuna suna da wani aiki.

A cikin dangi mota ɗaya ce za ta iya. A-kori-kurar Kawu tana tafiya Jidda kowace Alhamis, ba komai a bayanta, ta dawo da turare. Musaddiq bai roƙa ba. Kawu ne ya kawo maganar da kansa, yana murmushi.

"Zan kai gawar batirin, ɗan nan, har da bargo zan rufa mata. Kai kuma Asabar. Farar motar ma za ta yi mana amfani wajen kai kaya otal."

"Na yi rantsuwa, Kawu."

"Malam ya ce kaffara ce, ciyar da miskinai goma. Ni zan ciyar. Ka ga ni ma na iya tallafi."

Ga yadda abin yake. In Kawu ya ɗauka, shago. In ba wanda ya ɗauka, babu mota, shago. Hanya ɗaya ce ba ta bi ta Anbariyya ba, ita ce wani daban ya ɗauka.

Za a zauna karɓar gaisuwa a bakin layi, ƙarƙashin tagar kicin, daga la'asar zuwa magariba, yau kaɗai. Ba a buƙatar shayi, ba a buƙatar dabino. Wanda ya zo da niyyar cewa "ai na faɗa maka" ya sani an riga shi. Wanda ya zo da gardamar tallafi ya bari sai Juma'a, mai gardamar ma bai san a wane gefen kanta zai tsaya ba.

Abu ɗaya ake nema. Musaddiq zai zuba mai, zuwa da dawowa. Shi zai zauna a baya tare da batirin har Jidda, cikin rana, ya riƙa taɓa shi yana jin zafinsa, in ya ga hayaƙi ya buga rufi a tsaya. An tambaya jiya ta waya a zauren 'yan unguwa, mutum ɗari da tamanin sun karanta, an turo addu'o'i goma sha biyu da hoton hannu a ɗage. Yau Laraba, ana sake tambaya.

Cikinku wa ke da a-kori-kura?